A Ba Masu Lambun Gida Fili, Domin Lokutan Shuka Sun Rikice

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu mutane da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen sauyin yanayi. Ina nufin masu ɗan lambu a cikin gida, waɗanda ke shuka kayan lambu da furanni a bayan ɗaki, ko a gindin katanga, ko a cikin tukwane da buhuna a kan baranda. Duk lokacin da aka tayar da wannan batu, hankali yakan karkata ne ga manyan gonaki da madatsun ruwa da tarukan shugabannin ƙasashe, kuma ban ga laifin hakan ba, tun da a can ne abincin miliyoyin mutane yake. Sai dai mai komi huɗu na tumatir da latas shi ma abin ya shafe shi, kuma shi babu malamin gona da ke leƙo shi, babu wanda ke biyansa diyya idan shukarsa ta ƙone. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma na daɗe ina wannan aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ilimin lokaci da muka gada ya fara ƙin aiki. Kowane mai lambu ya taso ne da wata kalanda a kansa: a wata kaza ake yayyafa iri, bayan mako kaza ake dashe, idan ruwan farko ya sauka a yi kaza, idan sanyi ya shigo a yi kaza. An gina wannan kalanda ne a kan zaton cewa bana za ta yi kama da bara, kuma wannan zato ne ya raunana. A ganina, wanda yake son lambunsa ya ɗore a yanzu dole ne ya rage dogara ga sunan wata, ya koma lura da ƙasarsa da sararin samaniyarsa, ya kuma riƙa rubuta abin da ya gani.

Masu awo sun riga sun tabbatar da abin da muke ji a jikinmu. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa zafin doron ƙasa a tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na tsakanin 1850 da 1900 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya kuma ta ce shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka auna har zuwa lokacin, inda ƙarin ya kai wajen digiri 1.55. Wani zai ji digiri ɗaya da rabi ya raina shi, amma shuka ba ta san matsakaicin lissafi na shekara ba. Abin da ta sani shi ne kwana uku na zafin da ya wuce ƙima a daidai makon da ta yi fure, ko ruwan wata guda da ya zuba a dare ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar da ke bayyana dalilin da ya sa fari da ambaliya suke zuwa wa lambu ɗaya a shekara ɗaya: duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta iya riƙe ƙarin danshi da ya kai kimanin kashi 7 cikin ɗari. Saboda haka iskar tana tsotse laimar ƙasa da ta ganye da sauri fiye da da, kuma ranar da ta tashi sauke ruwan sai ta sauke shi da yawa lokaci guda.

Tsirrai da kansu sun ba da shaida a sassan duniya dabam-dabam. A birnin Kiyoto na ƙasar Japan, inda ake da bayanan lokacin furen itatuwan ceri tun ƙarni na tara, furen ya cika a ranar 26 ga Maris na 2021, kuma ba a taɓa samun ya cika da wuri haka ba a cikin wannan dogon tarihi kafin 2021. A Amurka, ma'aikatar aikin gona ta sabunta taswirar da masu lambu ke dubawa don sanin irin shukar da za ta jure sanyin yankinsu, a watan Nuwamba na 2023, sai aka ga kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rukunin da ya fi ɗumi idan aka kwatanta da taswirar 2012, ko da yake ma'aikatar ta yi bayanin cewa ƙarin tashoshin awo ma yana da hannu a wannan bambanci. A Ingila kuwa, ƙasar da aka san lambunanta da yayyafi da lumshi, zafi ya kai digiri 40.3 a ranar 19 ga Yuli na 2022, karo na farko da aka auna sama da 40 a can. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya faru a Faransa a 2021. An yi ɗumi a ƙarshen Maris, inabi da itatuwan marmari suka ruɗu suka yi toho da wuri, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo a farkon Afrilu ya ƙone tohon, aka yi mummunar asara. Wannan ya nuna cewa ɗumin da ya zo ba a kan lokaci ba yana iya jawo ɓarnar sanyi, domin yana fito da shuka fili tun kafin hatsarin ya wuce.

Bari in dawo cikin lambu, in ɗauki tumatir, tun da da wuya a sami mai lambun da bai taɓa shuka shi ba. Mutum zai ga shukarsa ta yi kore shar, ta yi tsawo, ta fitar da furanni rawaya masu yawa, amma babu ɗa ko ɗaya. Idan ya sunkuya ya duba da kyau, zai ga ɗan ƙullin da ke kan sandar furen ya yi rawaya, kuma da ya taɓa shi da yatsa sai furen ya faɗi a tafin hannunsa. Da yawa sukan ɗauka taki ne ya yi kaɗan, su ƙara zuba takin zamani, ganye ya ƙara yawa, fure ya ci gaba da zuba. Alhali zafi ne. Idan rana ta wuce digiri 32 kwanaki a jere, dare kuma bai sauko ƙasa da 21 ko 22 ba, garin furen tumatir yakan lalace, barbara ba ta yiwuwa, uwar kuma sai ta kakkaɓe furen. Zafin dare ne aka fi mantawa da shi, domin mai lambu yana barci a lokacin, ga shi kuma a wurare da yawa dare yana ƙara ɗumi da sauri fiye da rana. Ko 'ya'yan da suka riga suka ƙullu ma, idan zafi ya haura wajen digiri 30, sinadarin da ke sa su yi ja yakan daina samuwa yadda ya kamata, sai su tsaya a ruwan lemo ko su yi ɗabbare-ɗabbare. Latas shi ma haka: irinsa yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta yi zafin da ya kai wajen digiri 30, wanda ya riga ya girma kuma yakan miƙe ya fitar da kan fure, ganyensa ya yi ɗaci. Kabewa da kokwamba sukan yawaita furen namiji a lokacin tsananin zafi, wake kuma yakan zubar da nasa. Duk waɗannan ba cuta ba ce da magani zai warkar, kuma wanda bai san dalilinsu ba zai yi ta feshi a banza.

Wani zai ce to ai sai a matsar da lokacin shuka gaba ko baya, magana ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, domin zafi ne ya sauya, tsawon yini bai sauya ba. Tun a 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon yini da dare ne kafin su yi fure. Albasa misali ce da kowa zai iya gani. Akwai irin da ke fara yin kai idan yini ya kai awa 10 zuwa 12, akwai kuma wanda sai yini ya kai awa 14 zuwa 16. Wanda ya matsar da lokacin dashen albasarsa don gudun zafi, ba tare da ya san wane iri ne a hannunsa ba, yana iya ƙarewa da lawashi zalla ko da ƙananan kawuna. Don haka kowace shuka da nata lissafin, kuma babu wata sabuwar kalanda guda ɗaya da za a rubuta a raba wa kowa ta maye gurbin tsohuwar.

Idan aka tambaye ni inda ya kamata mai lambu ya fi zuba ƙarfinsa, zan ce a ƙasa, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ba mu da iko da ranar da ruwa zai sauka, amma muna da iko da yadda ƙasarmu za ta karɓe shi. Ƙasar da aka bari tsirara a rana takan yi ɓawo mai tauri a sama. Ka zuba mata ruwa, sai ka ga ya taru ya gangara gefe ya tafi da ɗan takin da ke kai, idan kuma ka tona da yatsa sai ka tarar ƙarƙashin a bushe yake ƙurmus. Ƙasar da aka ciyar da ruɓaɓɓen ganye da takin dabbobi da ya huce kuwa takan yi laushi, ta yi ƙofofi, tana ta yawaita a cikinta, ruwa ya shige ta ya zauna. Irin wannan ƙasa tana taimako ta fuska biyu, domin tana riƙe laima a lokacin fari, tana kuma barin rarar ruwa ya wuce a lokacin mamako. Bayan taki sai lulluɓi. A rufe fuskar komi da busasshiyar ciyawa ko ganye ko ƙaiƙayi, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili a kewayen gindin shuka don kada ya ruɓe. Duk mai shakka ya ɗaga lulluɓin da tsakar rana ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan, sa'an nan ya ɗora shi a kan ƙasar da ke fili kusa da wurin. Zai ji bambancin da kansa. Lulluɓin yana rage ƙafewar ruwa, yana sanyaya saiwa, yana hana ciyawa tsirowa, yana kuma karya ƙarfin ɗigon ruwan sama don kada ya daddaɓe ƙasa ko ya fantsama ƙwayoyin cuta a kan ganyen ƙasa. Ban san wani aiki a lambu mai sauƙi kamarsa da ke biyan mai shi kamar yadda yake biya ba.

Siffar komin ma abin dubawa ce. Inda ruwa ke kwanciya, gara a ɗaga komi ya yi tudu a kuma fitar masa da magudana, domin saiwa tana numfashi, kuma idan ruwa ya rufe ta kwana biyu ko uku takan shaƙe. Shi ya sa ake ganin barkono ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa, mai shi kuma ya rasa gane dalili. Inda ruwa ke ƙaranci kuwa, komi mai zurfi wanda ke tara ɗan abin da ya samu ya fi. Mai lambun da ya ga shekarunsa sun fara haɗa fari da mamako, babu laifi ya yi duka biyun a fili ɗaya, ya raba shukarsa a tsakaninsu.

Game da ban ruwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne yayyafa kaɗan-kaɗan kullum. Wannan yana koya wa saiwa zama a sama, inda zafi ya fi tsanani, ranar da aka yi fashi kuma sai shukar ta langaɓe. Ya fi kyau a ba da ruwa mai yawa wanda zai nutsa, a gindin shuka, da sassafe, sa'an nan a jira sai an tura yatsa gaɓa biyu an ji ƙasa ta fara bushewa kafin a ƙara. Daidaito ma yana da muhimmanci. Baƙin tabon da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir ko tattasai yakan samo asali ne daga ƙarancin sinadarin kalsiyam a cikin ɗan, kuma sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasa, rashin tsayayyen ruwan da zai ɗauke shi zuwa sama ne matsalar. Haka nan tsagewar tumatir takan biyo bayan ruwa mai yawa da ya sauka a kan ƙasar da ta daɗe a bushe. Akwai tsohuwar dabara da ta dace da wannan zamani, wadda aka ambata a wani littafin noma na ƙasar Sin fiye da shekara 2000 da suka wuce: a binne tulun yumɓu marar fenti har wuya a tsakiyar komi, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwan yana tsattsafowa a hankali ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa, kuma idan aka tono shi a ƙarshen lokaci za a tarar saiwoyi sun nannaɗe shi.

Ruwan rufin ɗaki kuma dukiya ce da muke bari ta bi kwata. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,000. Ganga ɗaya ko biyu a ƙarƙashin indararo za su iya raya komaye a makon da ruwa ya ɗauke, muddin an rufe su ruf don kada sauro ya hayayyafa a ciki, don kuma tsare ƙananan yara. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda fari ya sa a farkon 2018 aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, aka kuma hana shayar da lambu da ruwan famfo. A irin wannan hali lambu ne farkon abin da ake yanke wa ruwa, kuma wanda ya tanadi nasa ne kaɗai ke tsira da shukarsa.

Inuwa ba ta bukatar dogon bayani. Raga mai tare kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na hasken rana, ko rumfa mara kauri da ke kare zafin la'asar, tana hana rana ƙona 'ya'yan tattasai da tumatir. Masu shuka a tukunya su sani cewa baƙar roba a rana tana dafa saiwa, katangar siminti kuma tana riƙe zafin yini ta sake shi da dare, a daidai lokacin da shuka ke neman sauƙi.

Zan so in kare furanni, domin su ne ake fara yi wa kallon ɓarnar ruwa idan abubuwa suka yi tsanani. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gona masu ba da 'ya'ya ko ƙwaya suna dogara, ko da kaɗan ne, ga ƙudan zuma da sauran halittu masu yi wa fure barbara. Kabewar da ta yi fure ta ƙi ƙulla ɗa, wani lokaci ba ta rasa komai ba sai ƙudan zuman da zai ɗauko gari daga furen namiji zuwa na mace. Layin furanni a gefen komi shi ke kiran waɗannan baƙi, shi ke kuma ciyar da su a watannin da babu wani abin da ya yi fure a kewaye. Ko da babu wannan amfani ma, ni ina ganin kyan fure a ƙofar ɗaki hujja ce da ta isa a shuka shi. Abin da ya kamata a sauya shi ne zaɓi. Bai dace mutum ya nace wa furen da ke son sanyi da ruwa mai yawa a wurin da ba su samuwa ba, kamar tulif, wanda sai kan nasa da ke cikin ƙasa ya sha sanyi na makonni 12 ko fiye kafin ya yi fure mai kyau. Akwai ziniya da marigol da furen bin rana da boganbiliya, waɗanda ke jure zafi, har ma ita boganbiliya ta fi yin fure idan an ɗan ja mata rai da ruwa. Wata fitacciyar mai lambu a Ingila, Beth Chatto, ta mayar da tsohon filin ajiye motoci lambun tsakuwa a farkon shekarun 1990, a yankin Essex, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a ƙasar, ta kuma ƙudurta cewa ba za a riƙa yi masa ban ruwa ba. Ta zaɓi tsirran da suka dace da wurin, lambun ya rayu, har mutane suna zuwa kallonsa daga nesa. Wannan ya fi burge ni a kan shimfiɗar koriyar ciyawa da ake ɗura wa ruwa safe da yamma.

Ƙwari da cututtuka su ma suna bin yanayi. Jajayen ƙananan gizo-gizo da ke maƙale a bayan ganye suna son zafi da bushewa, kuma a irin wannan hali sukan kammala rayuwa daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai a cikin kimanin mako guda. Cututtukan fumfuna kuwa suna bunƙasa ne idan ganye ya daɗe a jiƙe. Juya ganye a duba bayansa sau da yawa, da ba da tazara tsakanin shuke-shuke don iska ta ratsa, sun fi feshin da ake yi ba tare da an san abin da ake fesa wa ba, wanda yakan kashe ƙudan zuma tare da maɓarnata.

Sai maganar iri. Tun da ba a san yadda lokaci zai kasance ba, hikima ita ce kada a shuka komai a rana ɗaya. A raba irin kashi uku, a bar mako biyu a tsakanin kowane kashi, ta yadda idan zafi ko ruwa ya cinye na farko, na biyu ko na uku zai samu sa'a. A kuma haɗa nau'i biyu ko uku na abu ɗaya, mai saurin nuna da mai jinkiri, a kuma bai wa masu jure zafi irin su kuɓewa da alayyafo da yalo da dankalin Hausa watannin da tumatir da latas ba sa iya ɗauka. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, wadda aka kafa a Taiwan a 1971, ta daɗe tana aikin samar da nau'o'in tumatir masu jure zafi, amma da wuya mai lambun gida ya ga an rubuta a jikin takardar iri ko wannan nau'i yana ƙulla 'ya'ya a dare mai ɗumi ko ba ya yi. Saboda haka nake ganin darajar ajiye iri. Shukar da ta tsaya ta yi 'ya'ya a shekarar da 'yan uwanta suka faɗi, ita ce ya kamata a ɗaura wa ƙyalle a bar ɗanta ya nuna sosai, a cire irin, a shanya a inuwa, a adana a wuri mai sanyi da bushewa. Sai dai a lura cewa irin da kamfani ya yi wa aure, wanda ake rubuta wa F1, 'ya'yansa ba sa fitowa daidai da uwarsu, don haka ba shi ne na ajiya ba. Ƙasashen duniya sun ɗauki adana iri da muhimmanci har suka gina rumbu a cikin dutse a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, yake kuma ɗauke da samfura fiye da miliyan ɗaya. Shi kansa wannan rumbu, ruwa ya shiga hanyar shigarsa a 2016 sakamakon ɗumi da ruwan sama da ba a saba gani ba a can, ko da yake bai kai ga irin ba. Amma irin da ke daskare a rumbu ba ya sabawa da sabon yanayi. Wanda ake shukawa ana zaɓa kowace shekara shi ke sabawa, kuma wannan aiki a hannun masu shuka yake, manya da ƙanana.

Duk abin da na lissafa ba zai yi cikakken amfani ba sai an haɗa shi da rubutu. Ƙwaƙwalwa tana yaudarar mai lambu, domin shekarar da ta fi muni da wadda ta fi kyau kaɗai take riƙewa. Ƙaramin littafi ya isa: ranar da aka yayyafa iri, ranar da ya tsiro, ranar furen farko, ranar da aka yi ruwa da yawansa, daren da aka kasa barci don zafi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da aka ajiye a fili, a auna zurfin ruwan da ya tara da ma'auni, ya isa ya nuna yawan ruwan da ya sauka. Hasashen yanayi na hukumomi yana da amfani ƙwarai, amma na yanki ne mai faɗi, kuma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Kada kuma a raina irin wannan littafi. Wani mai gona a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranakun da itatuwa ke toho da ranakun da tsuntsaye ke dawowa a 1736, zuriyarsa suka ci gaba da rubutun har zuwa 1958, kuma masana sun yi amfani da waɗannan bayanai wajen gane yadda tsirrai ke amsa ɗumi. Bayan 'yan shekaru, mai littafi zai fara ganin abin da babu wanda zai iya gaya masa: wane lungu na gidansa ne ya fi riƙe laima, wane nau'i ne ke jure masa, da kuma ko lokacin dashensa ya matsa.

Ba ina cewa ganga da ciyawar lulluɓi za su magance sauyin yanayi ba. Iskar kabon da ke sararin samaniya ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yanzu, kuma rage ta nauyi ne da ke kan gwamnatoci da manyan masana'antu, kamar yadda ƙasashe suka yi alkawari a yarjejeniyar Faris ta 2015. Akwai kuma zafin da idan ya kai wani matsayi babu rumfar da za ta ceci shuka. Amma kafin a kai can akwai asara mai yawa da ilimi kaɗan zai iya hanawa, kuma yana damuna in ga mutum ya watsar da lambunsa yana cewa hannunsa ba shi da albarka, alhali zafin dare ne ya zubar masa da fure.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta ware wa masu lambun gida ɗan shafi, ko da sau ɗaya ne a mako. A riƙa buga hasashen kwanaki masu zuwa tare da zafin dare, ba na rana kaɗai ba, a kuma gayyato malaman gona su fassara shi zuwa aikin da za a yi a komi: ko a yi dashe a wannan mako ko a dakata, ko a kafa rumfa, ko a buɗe magudana. A ba masu karatu dama su aiko da abin da suka rubuta a littattafansu, da sunan nau'in da ya jure musu da wanda ya faɗi, domin a tara a kwatanta. Ina kuma roƙon wakilanku su tambayi kamfanonin iri dalilin da ya sa ba sa rubuta a jikin takarda iyakar zafin da nau'in ke ɗauka da tsawon yinin da yake bukata, a cikin harshen da mai saye zai iya karantawa. Idan aka buɗe shafin, a shirye nake in fara aiko da nawa bayanan.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, mai lambun gida